Gubar Dalma a Jinin Yara: Ƙaddara, Sababi da Wajibcin Bincike

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi, mai saurin narkewa a wuta, kuma babu wani aiki da jikin ɗan Adam yake yi da ita. Idan ta shiga ciki ta baki ko ta hanci, shigar burtu take yi: jiki yakan karɓe ta a matsayin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, ya raba ta zuwa jini da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, sannan ya adana mafi yawanta a ƙashi da haƙori. Wadda ke yawo a jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma wadda ta kwanta a ƙashi tana iya yin shekaru gommai. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta ya soma jan kalsiyam daga ƙashi domin gina ɗan tayi, dalmar da ta kwanta tun tana yarinya takan biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn da bai ko ga duniya ba.

Ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari. Yaro mai rarrafe rayuwarsa a ƙasa take, kome ya tsinta sai baki. Hanjinsa yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsewa daga abu iri ɗaya, kuma yunwa da ƙarancin jini suna ƙara buɗe mata hanya. Ƙwaƙwalwarsa kuwa a lokacin ne take ginuwa. Idan gubar ta yi yawa sai amai da ciwon ciki, taune-taune, dogon suma, makanta ko mutuwa. Idan kaɗan ce babu alama ko ɗaya da uwa za ta gani.

Ƙasar Hausa ta ga mafi munin wannan masifa a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, ba su kuwa sani ba. Ana kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan gari, a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata da ke cikin kulle sun sami sana'ar yi ba tare da sun fita ba, yara suna rarrafe a gefensu. Agwagi ne suka fara mutuwa, sannan yara. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, waɗanda suka fita sa ido kan sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburbura na yara masu yawa a ƙauyuka. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba, sai da aka aika da jini ɗakin gwaji a Turai aka gano dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 ’yan ƙasa da shekara 5, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari jininsu ya kai matakin da ake buƙatar maganin gaggawa. Dareta, ’Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega, duk ƙauyukan nan abin ya shafe su, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara kimanin 400 suka rasu.

A zaman makokin yaro, abin da Bahaushe ke faɗi sananne ne: kwana ya ƙare, Allah Ya sa mai ceto ne, sai haƙuri. Babu wanda ya isa ya raina waɗannan kalmomi. Su ne ke riƙe uwar da ta binne ’ya’ya biyu a wata ɗaya, kuma imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne na imanin Musulmi. Tambayar ita ce, ina iyakar wurin da wannan magana ke aiki? Shin tana rufe bakin mai tambayar dalilin mutuwar, da mai cewa a gwada jinin ƙanin mamacin?

Malaman Sunna sun daɗe da amsa wannan, kuma hujjar da suka fi kawowa ita ce tafiyar Halifa Umar ɗan Haɗɗabi zuwa Sham a zamanin annobar da ta faɗa wa ƙasar, wajen shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira. Da ya isa wani wuri mai suna Sarg aka sanar da shi halin da ake ciki, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa da cewa wurin da yake gudu zuwa gare shi ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Abin da ake fahimta daga nan shi ne, ƙaddara ba ta soke sababi, domin sababin ma a cikinta yake. Ana kafa hujja da ita a kan musibar da ta riga ta auku, domin zuciya ta natsu. Ba a kafa hujja da ita a kan abin da ke gaba, wanda har yanzu hannun mutum zai iya taɓawa. Yaron da aka binne a Dareta lamarinsa na haƙuri ne. Ƙaninsa da ke rarrafe a kan wannan ƙurar lamarinsa na aiki ne.

Iyayen da suka niƙa dutse a gida ba su ɗauki zunubi ba a kan abin da ba su da hanyar sani. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da wani launi da zai bambanta ta da ƙurar gari, kuma kakanninsu ba su bar musu labarinta ba. Sai dai fiƙihu ya raba tsakanin zunubi da gyara: kuskure yana ɗauke na farko, ba ya ɗauke na biyu. Kuma uzurin jahilci yana da wa'adi. Ranar da sani ya iso, ko ya zama ana iya samunsa da ɗan ƙoƙari, hukunci ya sauya, ga iyaye da ma waɗanda aka damƙa wa lafiyar jama'a.

Mutuwar ɗaruruwan yara abu ne da ido ke gani, shi ya sa ba a daɗe ana gardama a kansa. Wurin da tambayar ta fi wuya shi ne gubar da ba ta kisa. Ana auna dalma da maikirogiram a cikin kowace desilita ta jini. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa damuwa sai adadin ya kai 60. Aka yi ta saukar da shi, ya koma 25 a 1985, ya koma 10 a 1991, sai 5 a 2012, sai 3.5 a 2021. Kowace saukarwa ta biyo bayan gano cewa yaran da ake ɗauka lafiyarsu ƙalau an riga an cutar da su. A 1979 likita Herbert Needleman ya wallafa bincikensa a kan haƙoran da ’yan makarantar firamare suka famfare a jihar Massachusetts. Yaran da haƙoransu suka fi ɗauke da dalma sun fi rauni a gwajin basira, kuma malamansu, waɗanda ba su san sakamakon haƙoran ba, sun fi bayyana su da rashin natsuwa da kasa bin umarni. Babu ɗayansu da aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda guba. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har zuwa miliyan 800, jininsa ya kai 5 ko ya wuce.

Irin wannan yaron ba a kai shi asibiti. A makarantar allo ana cewa kansa ba ya ja, a ta boko a kira shi daƙiƙi, a gida a ce taurin kai ne da shi, a yi ta dukansa a kan abin da aka yi masa tun yana goye. Idan ya girma bai iya riƙe sana'a ba, a ce haka Allah Ya yi shi. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin tana jingina wa halittar Allah wata tawaya da hannun mutane ya jawo.

Malaman usulu, daga Gazali a littafinsa Almustasfa har zuwa Shaɗibi a Almuwafaƙat, sun nuna cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. A bisa al'ada idan ana maganar tsare hankali, giya da sauran kayan maye ake kawowa. Amma mashayi baligi ne, shi ya zaɓa, kuma mayensa yakan sake shi da safe. Dalma tana rage hankalin wanda bai zaɓa ba, bai san ana yi ba, kuma ba ta sakinsa. Idan an haramta abin da ke gusar da hankali na dare guda, wane hukunci ya dace da sakaci da abin da ke rage shi har ƙarshen rayuwa? Hankali ne sharaɗin ɗora wa mutum hukunce-hukuncen addini, da shi ake koyon karatu da sallah, da shi ake riƙon amana. Gubar dalma ta taɓa uku daga cikin biyar ɗin kai tsaye, rai da hankali da zuriya, kuma a Zamfara ta shigo ne ta ƙofar neman na biyar.

Maganin da likitoci ke da shi yana ƙara wa wannan hujja ƙarfi. Akwai magunguna masu kama dalma a cikin jini su fitar da ita ta fitsari, irin su succimer da ake sha da kuma wani da ake bayarwa ta jijiya. Ana ba da su ne galibi idan jini ya kai 45, kuma sun ceci rayuka da yawa a Zamfara. Amma wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan yara masu adadi tsakanin 20 da 44, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna cewa succimer ya saukar da dalmar jini ba tare da ya dawo da basirar da aka rasa ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A nan maganar ta wuce fifiko, domin game da ƙwaƙwalwa rigakafin ne kaɗai ke akwai.

Saboda haka masana suka kasa aikin kashi biyu. Na farko shi ne hana dalma isa ga yaro tun asali: cire ta daga man fetur, aikin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka kammala a farkon 2006, duniya kuma a 2021 bayan Aljeriya ta ƙarar da nata, hana ta a fentin gidaje, kamar yadda Amurka ta yi a 1978, auna ƙasa da ruwa da kayan kasuwa. Na biyu shi ne gwajin jinin yaran da ba su nuna alamar ciwo ba. Akwai suka mai ƙarfi da ake yi wa dogaro da kashi na biyu shi kaɗai, cewa ya mai da jikin yaro abin auna ƙazantar muhalli, ba a san gida yana da guba ba sai ta riga ta shiga jininsa. Sukar gaskiya ce. Duk da haka, inda ba a auna ƙasa ba a auna kaya, jinin yaro shi ne shaida ta farko da ake samu, kuma yaro ɗaya da aka gano yakan kai ma'aikata ga gida, gida ya kai su ga unguwa.

Yadda ake gwajin ba shi da wuya. Ma'aikacin lafiya yakan fara da tambaya: mene ne sana'ar mutanen gida, ana kawo dutsen haƙa ko tsofaffin batura cikin gida, yaro yana cin ƙasa, me ake sa masa a ido, wane magani na gargajiya ake ba shi. Sannan a wanke yatsa da sabulu sosai, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ɗaga sakamako, a soka a ɗauki ɗigon jini. Akwai ƙaramar na'ura mai aiki da batir, LeadCare II, da ke ba da amsa cikin minti 3, sai dai ba ta karanta abin da ya wuce 65, kuma a Zamfara jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta. Idan adadin ya yi sama sai a tabbatar da jinin jijiya. A Amurka doka ta wajabta gwada yaran da ke ƙarƙashin shirin lafiyar marasa ƙarfi, Medicaid, a wata 12 da wata 24 da haihuwa, lokacin da rarrafe da kai hannu baki suka fi yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce idan jini ya kai 5 a nemo inda dalmar ke fitowa a yanke ta, a kuma gyara abincin yaro.

Akwai ƙa'idar usulu da ke nuna cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Tsare yaro daga cuta wajibi ne a kan waliyyinsa. Idan cutar ba ta ganuwa sai da gwaji, kuma akwai dalilin zato, kamar zama a garin haƙa ko kusa da masu fasa batir, to neman gwajin ya shiga cikin wajibin. Amma uba a ƙauye ba zai ƙera na'ura ba, ba zai horar da ma'aikaci ba. Wannan ɓangare farilla ce ta kifaya, wadda idan wasu suka yi ta saraya a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. Gazali a Ihya'u ya lissafa likitanci cikin irin waɗannan farillai, har ya koka da yadda ɗalibai ke cunkoso a fannin fiƙihu alhali gari ba shi da likita Musulmi. A Sakkwato ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, alamar cewa shugabannin jihadi ba su ɗauki lafiyar jiki a matsayin abin da ke wajen addini ba.

Gwaji kuma yana jawo nasa nauyin. Tun 1968 Wilson da Jungner, a littafin da suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, suka kafa sharaɗin cewa kada a tantance mutane a kan cuta sai akwai abin da za a yi wa wanda aka samu da ita. Bagega ta nuna ma'anar wannan a aikace. Ba da maganin fitar da dalma ga yaron da zai koma gida mai guba aikin banza ne, yana ma iya cutarwa. Dole a fara kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna da lunguna, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo ƙasa mai tsabta. An yi haka a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da aikin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da gwamnatin jiha. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya. An san yara kimanin 1,500 suna cikin haɗari, likitoci suna nan da magani, amma ba su iya farawa ba sai a 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da matasa masu fafutuka ya sa aka saki kuɗin. Shekarun jiran nan ba za a kira su jahilci ba, ba za a kira su ƙaddarar da ta fi ƙarfin mutane ba. An sani, an auna, an rubuta. Wanda ke riƙe da baitulmali a lokacin shi ne makiyayin da aka nuna wa gefen kwarin da ke da ciyawa.

Saura batun abinci. Mai haƙa ba don sha'awa yake shiga rami ba, gona ce ba ta ciyar da shi shekara. Hana haƙa gaba ɗaya yakan kora aikin cikin ɓoye, ɓoyen kuwa cikin gida ne, inda yara suke. Fiƙihun Malikiyya yana da tsohon babi a kan sana'ar da ke cutar da maƙwabci. Ibnur Rami, magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai a kan hayaƙin gidan burodi, warin majema da girgizar dutsen niƙa a littafinsa Al'i'ilan. Abin da ke fitowa daga irin waɗannan hukunce-hukunce shi ne a kawar da cutar, ta hanyar gyara yadda ake aikin ko matsar da shi, ba lallai a kashe sana'ar ba. Hakan aka bi a Zamfara da taimakon sarakuna da hakimai da dagatai: fitar da niƙa bayan gari, jiƙa dutse kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, hana yara zuwa wurin aiki. Inda aka kiyaye waɗannan, dalmar da ke jinin yara ta sauka. Inda aka koma gidan jiya, ƙasar da aka tsabtace ta sake gurɓacewa. Darasin bai kuma yi tafiya da sauri ba: a 2015 aka sake ganin irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a ƙauyuka irin su Shikira, inda yara 28 suka mutu.

Dalma ba a ramin zinariya kaɗai take ba. Tana cikin batirin mota da ake fasawa a narkar a bayan gidaje, sana'ar da ta kashe yara 18 a Thiaroye da ke gefen Dakar tsakanin 2007 da 2008. Ana samunta a wasu fenti, da wasu tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa. Mafi kusa da shimfiɗar jariri kuwa shi ne tozali. A 2011 likitoci a Boston suka gano dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye ’yan Najeriya, suka bi sawu har zuwa kwallin da ake sa masa a ido, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki.

Wannan wuri yana buƙatar taka-tsantsan daga ma'aikacin lafiya, domin sa tozali yana da asali a hadisi, inda aka yabi wani dutse mai suna ismid. Uwar da aka ce wa ta bar sunna ba za ta saurara ba. Abin da ya kamata a bayyana mata shi ne, dutsen da ake sayarwa a kasuwa da sunan tozali sau da yawa ma'adinin dalma ne, irin wanda aka haƙo a Anka, kuma ido ba ya iya rarrabe shi da waninsa. Sa tozali ba farilla ba ce, kare jariri daga cuta kuwa farilla ce, don haka barin sa wa jarirai da masu ciki duk tozalin da ba a gwada ba shi ne abin da ƙa'idar shari'a kanta ke nunawa. Irin wannan bayani ya fi shiga idan ya fito daga bakin limami a huɗuba, ko malama a Islamiyya, ko ungozoma ranar suna, sannan ma'aikaciyar asibiti ta maimaita shi ranar awon ciki da ranar allurar rigakafi, inda ake ganin uwa da ɗanta a watannin da gwajin ya fi amfani.